Filin Tambaya da Amsa: Bishiyar lema ta cinye min gona, in sa mata wuta?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk kan kurmi ne da yadda yake dawowa bayan an sare shi, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya tunda amsar wani tana shiga ta wani. Masu tambaya kan ciwon kaji ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan kasuwar goro ne a Sabon Shagamu, nan aka haife ni. Na karɓi wata tsohuwar gonar koko ta wajen Ijebu da niyyar in dasa goro da ɗan iroko saboda yara, sai kasuwa ta ɗauke min hankali ban koma ba sai bana, wallahi da naje ban gane wurin ba, wasu bishiyoyi ne suka cika ko'ina dogaye sun kai bene, ganyensu kamar lema, saiwarsu a waje a tsaye, kuma masu katako sunce ko kyauta basa so wai itacen ba nauyi. Leburorina sunce a sare a bari ya bushe a cinna wuta. Meye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Kafin komai dai ka ce wa leburorin nan su ajiye ashana. Yadda ka kwatanta ta ɗin nan Musanga ce, a kudu bishiyar lema ake ce mata, kuma tun daga Saliyo har Kongo da Yuganda duk inda aka yi wa kurmi ɓarna ita ce kan gaba wajen fitowa. In ka duba gindinta zakaga wasu jajayen kube masu gashi-gashi sun zube a ƙasa, su ne suke rufe sabon ganye kafin ya buɗe. Mafarauta ma in ƙishi ya kama su a daji saiwar nan suke sara su tari ruwan su sha.

Tana cikin waɗanda zan kira bishiyoyin share fage, ita da irinsu Trema da Makaranga da Harungana wadda in ka sare ta take fitar da jan ruwa. Halinsu ɗaya ne, iri ƙanana masu yawan gaske, son rana, saurin girma, sai kuma mutuwa da wuri. Musanga tana iya ƙara mita 2 ko fiye a shekara ɗaya, shi yasa itacenta ba nauyi, duk ƙarfinta a tsawo da ganye take zuba shi, amma tana kaiwa wajen shekara 20 ta fara mutuwa. Kuma ga abin da mutane basu lura da shi ba, 'ya'yanta basa iya girma a ƙarƙashin inuwar uwarsu saboda suma rana suke so. Kenan ko ba ka taɓa ta ba ba zata riƙe gonar nan har abada ba, wasu take gyara wa wuri.

Ka ɗauke ta kamar ɓawon da yake rufe miki, ba kyan gani amma ƙarƙashinsa sabuwar fata take fitowa, in ka ɓamɓare da wuri ka dawo da ciwo sabo. Inuwarta ce ta kashe maka tofa da ciyawar nan da kuke ce wa Awolowo ba tare da ka sayi maganin feshi ko na naira ɗaya ba, ganyen da take zubarwa yana ruɓewa ya zama taki, ƙasa ta yi sanyi ta riƙe damshi, sannan 'ya'yanta suna jawo tsuntsaye da jemagu da birai, su kuma basa zuwa haka nan, suna zuwa da irin wasu bishiyoyin a ciki su kasayar a nan.

In ka cinna wuta kuwa, eh toka zata ba ka amfani na damina ɗaya ko biyu, ba musu. Amma ta ƙone duk ƙananan tsiron da suke ƙasa da irin da ke kwance cikin turɓaya, sai tofa ta dawo, ita kuma tofa jijiyarta a ƙarƙashin ƙasa take wuta bata kashe ta, sai ma ta ƙara mata ƙarfi, duk rani ta bushe ta kama wuta ta cinye maka dashe. Gonaki da yawa a kudu haka suka zama filin tofa.

Abin da zan ce ka yi, ka samu wani dattijo ɗan garin wanda ya san itatuwa tun suna ganye biyu, ku shiga ƙarƙashin lemar nan ku durƙusa ku duba, zaka sha mamakin abin da ya riga ya fito, duk wanda yace mai amfani ne ku kafa masa sanda ku ɗaura tsumma don kar adda ta bi ta kansa. Sai a yanka layi-layi daga gabas zuwa yamma, faɗin kamar mita 2, don rana ta riƙa bin layin, a dasa goron a ciki da farkon damina. Goro ɗan cikin kurmi ne, yana ƙarami inuwa yake so, wannan kai zaka koya min ma. Yana tasowa kana rage lemar da kaɗan-kaɗan, ba sai an kayar ba, a zagaye gindin a kwashe ɓawon sai ta bushe a tsaye a hankali, amma a kula da rassa masu faɗowa.

Shi kuma iroko, wato loko, kar ka kuskura ka jera shi wuri ɗaya a fili cikin rana. Akwai wani ɗan ƙwaro Phytolyma da yake sa wa sabon tohonsa ƙulluttai har kan ya ruɓe, shi ne ya hana a yi gandun iroko na kirki a Najeriya da Gana duk da tsadar katakon. In an warwatsa shi ɗaya nan ɗaya can cikin wasu bishiyoyi da 'yar inuwa ɓarnar tana raguwa. Na ƙarshe Alhaji, tunda kace wajen Ijebu ne, ka tabbatar da takarda cewa gonar ba cikin gandun gwamnati na Omo take ba, kar a yi shekara goma ana wahala a zo a ce tashi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a Jalingo. Dan Allah su waɗannan bishiyoyin da suke fitowa inda ba wanda ya shuka, daga ina irinsu yake zuwa? Kakata tace shukar Allah ce, na yarda, amma ta wace hanya?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Kaka ta yi gaskiya, sai dai komai da sababinsa. Hanya ta farko, irin yana nan kwance cikin ƙasa tun da daɗewa yana jira. A cikin kurmi mai duhu hasken da yake kaiwa ƙasa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, kuma wanda ya ratso ta cikin ganye launinsa daban ne da na rana kai tsaye, irin Trema da Musanga suna "gane" wannan bambancin, haka ma zafin da ƙasa take ɗauka da rana ta huce da dare. Ran da wata babbar bishiya ta faɗi, ko aka fasa hanyar motar katako, haske ya shigo, shikenan sai su tashi gaba ɗaya. Shi yasa zakiga gefen sabon titi a kurmi duk lema ce a jere.

Hanya ta biyu ita ce ta sama. Iska tana kawo masu fiffike da masu auduga irin rimi, amma mafi yawan bishiyoyin kurmi dabba ce take ɗaukar musu iri. Jemagen nan babba mai ruwan ƙasa-ƙasa da yake cika bishiyoyi a tsakiyar Akara kusa da asibitin sojoji, masu bincike sun ɗaura wa wasu na'ura suka gano yana iya kai iri nisan kilomita 75 a dare ɗaya, kuma shi ne babban mai yaɗa irin iroko. Toh kinga wanda yake harbe jemage yana sayarwa a kasuwa bai san katakon jikokinsa yake harbewa ba.

Inda matsalar take ita ce bishiyoyi masu manyan ƙwallo, waɗanda sai giwa ko biri babba ko manyan cilakowa na kurmi ne suke iya haɗiye su. In an farauce waɗannan, zakiga daji kore shar daga nesa amma masu ƙananan iri ne kawai suke ta maimaita kansu, manyan basa dawowa sai mutum ya kawo da hannu. Tunda a Taraba kike, ga misali a ƙofar gida, kurmin Ngel Nyaki a kan tsaunin Mambila. Akwai aikin bincike a can da Farfesa Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury a Niyu Zilan ta kafa, sun killace wasu filaye a bakin kurmin da waya don shanu da gobara kar su shiga, suna kallon abin da zai fito, suna kuma renon dashe na itatuwan wurin. In makarantarku zata kai ku ziyara, can ya kamata ku nema.

TAMBAYA: Malam gaisuwa daga Zongon Kumasi. Shekara nawa kurmi yake ɗauka ya koma yadda yake? Kuma wuraren da 'yan galamse, wato masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, suka haƙe suma zasu dawo?

AMSA: Ina amsawa ɗan uwa, a gaida mutanen Zongo. Tambayar farko tana da amsa mai lamba. A 2021 wasu masana ƙarƙashin Lourens Poorter na jami'ar Wageningen a Holan suka fitar da bincike kan wurare 77 a nahiyar Amurka da Afirka ta Yamma, duk gonaki ne da makiyaya da aka bari suka koma daji da kansu. Suka ga cewa a shekara 20 kawai dajin ya dawo da kusan kashi 78 cikin 100 na halin tsohon kurmi in aka haɗa komai aka yi lissafi. Amma fa ba tare suke dawowa ba. Ƙarfin ƙasa yana dawowa kafin shekara 10, yawan nau'in bishiyoyi da tsarin dajin shekara 25 zuwa 60, shi kuwa nauyin itace da ainihin bishiyoyin da suke wurin tun asali sai an haura shekara 120. Kenan inuwa da ruwa da ƙasa mai kyau kai ma zaka gani da idonka, manyan katakon nan kam sai tattaɓa kunne.

Sai dai akwai sharaɗi, wuraren nan ƙasarsu bata lalace ba kuma akwai sauran kurmi a kusa da iri zai zo daga shi. Ku a Gana kun ga abin da gobarar 1983 ta yi, inda wuta ta riƙa dawowa duk shekara ciyawar Acheampong ce ta gaje wurin, wadda ita ce Awolowon da na faɗa wa Alhaji a sama.

Galamse kuma wani babi ne daban, gaskiya ba zan yi maka daɗin baki ba. Katafila ta kwashe ƙasar sama wadda a cikinta iri da taki da ƙananan halittu suke, ta bar tsakuwa da ramuka cike da ruwa, ga zaiba da aka wanke zinare da ita. Nan bari-ya-dawo-da-kansa baya aiki ko yana yi a hankali ƙwarai. Sai an cike ramuka, an dawo da ƙasar sama in an adana ta, an fara da ciyayi da itatuwa dangin wake masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, kafin a yi maganar kurmi. Kuma ni dai ba zan ci rogon da aka shuka a irin wurin ba sai an gwada ƙasar.

TAMBAYA: Malam mu nan Maraɗi ba mu da kurmi, wannan zancen ya shafe mu kuwa?

AMSA: Ai ku ne ma malaman. Sassabin zamani da kuke yi, a bar kututture ya yi toho a zaɓi masu ƙarfi a rage sauran, wanda Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara yaɗawa tare da manoman wajenku a 1983, shi ne ya dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma ba dashe aka yi ba. Bambancin kawai, a kurmi yawanci daga iri ake farawa, ku kuma daga saiwa da kututturen da basu mutu ba, sabara da kalgo da geza, ga gawo da dabbobi suke yaɗa irinsa. Amma kar wani ya zo da kuɗin turawa yace zai mai da muku gona kurmi, ruwan saman ba ɗaya ba ne, dajinku mai sarari ne tun asali kuma haka gero yake so.

TAMBAYA: Slm Malam. Mu ƙungiyar matasa ce a kudancin Kaduna, duk shekara muna dashen bishiya amma rabi mutuwa suke. An bamu shawara mu koma melaina da tik da turare tunda su basa mutuwa kuma gwamnati ma su take dasawa. Shin in sun girma ya zama kurmi kenan?

AMSA: Sannunku da ƙoƙari samari. A'a, ya zama gonar katako, kuma ba laifi ba ne in katako ko turakun wuta kuke so, a kira abu da sunansa kawai. Melaina da tik daga Asiya aka kawo su, turare daga Ostareliya. Ku shiga gandun tik na Nimbiya da rani ku gani, busasshen ganye ne fal a ƙasa, tsit, ba wani tsiro na kirki. A Omo ma an sare kurmi na gaske an dasa melaina saboda masana'antar takarda ta Iwopin.

Wannan rikicin har a manyan alƙawura yana nan. Ƙasashen Afirka sun yi alƙawari a 2015 za su farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, Najeriya ta ɗauki miliyan 4. Amma da wani masanin kurmi Simon Lewis da abokansa suka duba irin waɗannan alƙawuran na ƙasashen duniya a 2019, sai suka ga kashi 45 cikin 100 na filin gandun bishiya iri ɗaya ake shirin yi, wanda bayan 'yan shekaru za a sare a sayar.

In kurmin bakin rafi kuke son dawowa da shi, irin wanda kuke da shi a yankinku, ku fara da tambayar me yake hana shi dawowa da kansa. Yawanci wuta ce da dabbobi da gatari. Ku share hanyar kare gobara kafin hunturu, ku zauna da makiyaya da mai unguwa a yi yarjejeniya a bar musu hanyar ruwa, domin in ba su yarda ba ko waya kuka ja aikin banza ne. Wannan ya fi wuya, kuma ba a ɗaukarsa hoto, shi yasa manya suka fi son ranar dashe da 'yan jarida.

Inda sai an dasa ɗin, ga dabara biyu da aka gwada. A jami'ar Chiang Mai ta Tailan tun 1994 suke aiki da wata hanya, a zaɓi nau'i 20 zuwa 30 na itatuwan wurin, a haɗa masu share fage da masu daɗewa, a fi son masu 'ya'yan da tsuntsu yake ci, a dasa su kusa-kusa, a yi ta noma da taki damina biyu, cikin shekara 2 zuwa 3 inuwa ta haɗe ciyawa ta mutu, sauran nau'in bishiyoyi kuwa tsuntsaye ne suke kawo su. Ta biyu a Kosta Rika, masu bincike Karen Holl da Rakan Zahawi sun gwada dasa tsibiri-tsibiri maimakon cika fili duka, da kusan kwatan dashen, kuma sakamakon ya yi kusa da na wanda aka cika. Ga ƙungiyar da kuɗinta karo-karo ne wannan ta fi dacewa. Ku lura da maganar noman nan ta damina biyu, ina kyautata zaton nan ne rabin naku suke mutuwa, ana dasawa a tafi sai wata shekara.

Bari in ƙara muku da wani labari na Kosta Rikan. A 1998 wani kamfanin matse ruwan lemu ya zubar da ɓawon lemu tan 12,000 a wata matacciyar makiyaya cikin gandun Guanacaste, bisa yarjejeniyar da masana biyu Daniel Janzen da Winnie Hallwachs suka ƙulla. Wani kamfanin da suke kishi ya kai ƙara kotu ta tsayar da aikin, aka manta da wurin. Bayan wajen shekara 16 masu bincike daga jami'ar Princeton suka je, da ƙyar suka gano allon da aka kafa saboda kurangar da ta rufe shi, nauyin itacen wurin ya ɗara na filin da ke gefensa da kashi 176 cikin 100. Ɓawon ya danne ciyawar ya kuma ciyar da ƙasa. Ban ce ku je ku kwaso bolar kasuwa da leda da batir ku zuba a rafi ba fa.

TAMBAYA: Malam daga Kumba a Kamaru. Na gani a YouTube wata bishiya Cecropia ta Amurka ta Kudu wai ta fi kowace saurin rufe fili. In sa a kawo min irin?

AMSA: Kar ka soma ɗan uwa. A can gidansu tana da amfani sosai, ita ce lemarsu, har tururuwa take ajiyewa cikin ramin jikinta suna yi mata gadi. Amma an riga an kawo ta Kamaru tun zamanin turawa ta wajen Limbe, ta tsere ta bazu a bakin hanyoyi tana ture Musanga daga wurinta, kuma tana cikin jerin nau'o'i 100 mafiya ɓarna a duniya in sun bar ƙasarsu. Kana Kumba ai Musanga tana bayan gidanka kyauta. In fili ne kake son ya rufe da wuri, ka bar duk wata tsohuwar bishiya da ta rage a tsaye a ciki ko da busasshiya ce, inda babu ka kafa dogayen sanduna masu reshe don tsuntsu ya samu wurin sauka, ka hana wuta, sai ka riƙa sare ciyawar da ke kewaye da abin da ya fito a ƙarƙashinsu sau biyu ko uku kowace damina.